Firji a Ɗakin Zuwaira

Saura kwana tara a ɗauki azumi, a bazarar da ta rage shekara uku Turawa su miƙa mulki, wata lori ta tsaya a ƙofar gidan Maccido a Wurno, aka sauko da wani farin akwatin ƙarfe mai tsayin mutum. Ƙarti shida suka ɗauke shi suna nishi. Yusha'u, ƙanen Maccido, yana biye da su yana roƙon kada su karkata shi. Kafin a kai shi zaure rabin unguwa ta taru.

Maccido na tsaye gefe da laka a ƙafafunsa, don daga gonar albasa aka kira shi. Ba wanda ya yi masa sannu da aiki. Idon kowa na kan ƙanensa mai wandon kaki da agogo a hannu, wanda shekara biyu ke nan yana aiki da kamfanin Turawa mai ƙera irin waɗannan akwatuna. Kamfanin kan turo su ta jirgin ƙasa har Gusau, shi kuma Yusha'u ya bi su ɗakunan shan magani na Rabah da Goronyo da sauran garuruwa yana kafawa, don a riƙa ajiye ruwan allura kada zafi ya ɓata shi. Wannan guda ya lotse a hanya, kamfani ya sallama masa shi, ya gyara da hannunsa, ya kawo wa Inna, mahaifiyarsu, ta sha ruwan sanyi da azumi. Sunan abin firji, kuma da kananzir yake aiki.

Yusha'u ya durƙusa ya jawo tankin kananzir daga ƙarƙashi, ya nuna wa jama'a lagwanin, ya nuna bututun da hayaƙi ke fita ta baya. Ya ce wutar in tana shuɗiya lafiya, in ta koma ja to tana fitar da mugun hayaƙin da ba a gani. Ya ce a riƙa goge bututun da wani dogon burushi duk Juma'a. Ya ce a bar shi nan zaure inda iska ke ratsawa, kada a kuskura a sa shi ɗakin da mutum ke kwana. Sannan ya ɗago kai.

"Yaya, matso ka gani. Kai za ka riƙa duba shi in na tahi."

Mutane suka buɗa wa Maccido hanya. Ya dubi wurin da aka buɗa masa, ya ga in ya shiga sai ya durƙusa kusa da yaron da ya goya, a koya masa kunna wuta gaban ƴan unguwa. Ya ce yana da ban-ruwa, albasa ba ta jiran mai kallo, ya juya ya fita. Amma duk abin da aka faɗa ya shiga kunnensa, har maganar ɗakin kwana.

Washegari da hantsi aka fitar da ƙanƙara ta farko. Inna ta riƙe ƴar guntuwa a tafin hannu tana juya ta tana dariya kamar yarinya, ta sa wa Yusha'u albarka sau uku, kowane sau tana kiran sunansa. Maccido ɗan fari ne, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ya san al'ada ce ta hana. Amma shekara goma sha ɗaya tun rasuwar mahaifinsu geronsa ake dakawa a gidan nan, ba a taɓa ɗaga dunƙulen tuwo an yi dariya irin wannan ba. Da aka miƙo masa kwanon ruwan ya ce haƙorinsa na ciwo.

Bayan kwana biyu Yusha'u ya koma bakin aiki. Ya bar matarsa Zuwaira, ƴar mutanen Taloka, da cikin fari wata shida, ya ce wa yayansa ga amana nan. Maccido ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Da azumi ya kama, zauren ya zama kasuwa. Daga la'asar sai ka ga tsofaffi da magidanta sun yi layi da ƙorai da kwanuka, kowa na jiran a sa masa ƴar ƙanƙara a ruwan buɗa baki. Maccido ke rabawa, shi ke zuba kananzir, shi ke share lakar da mutane ke shigowa da ita, amma duk wanda ya karɓa sai ya ce Allah ya yi wa Yusha'u albarka, Allah ya ba mu ɗa irinsa. Maccido ya haɗiye abin kwana uku. A na huɗu wani bawan Allah ya zo daga gidan Alhaji Mainasara, babban attajirin goro na garin, ya yi sallama, ya dubi Maccido da ke zaune a kan buzun mahaifinsa, ya tambaye shi ko nan ne gidan Yusha'u mai ƙanƙara.

Da gari ya waye Maccido ya kira ƙarti aka shigar da firjin cikin gida. Ya gaya wa Inna cewa zaure wurin baƙi ne da karatu, ba wurin cinkoso ba, kuma abu mai daraja irin wannan ɓarayi na iya sa masa ido. Inna ta ga magana ce ta hankali. Da aka zo inda za a ajiye, ya ce ɗakin matarsa Fatsuma cike yake da yara, Inna kuma tsohuwa ce, saboda haka ɗakin Zuwaira ya fi dacewa, tunda kayan mijinta ne.

Zuwaira ba ta saba ɗaga ido gaban wan mijinta ba. Daga bayan asabari ta yi magana, murya ƙasa.

"Yaya, Malam yac ce kada a sa shi ɗakin kwana."

"Gidanga nau na ko nai?" in ji Maccido. "Kayan mijinki kika ƙyama?"

Aka matsar da jeren tasoshinta na aure, aka kafa firjin kusa da gadonta.

Ɗakin ginin laka ne mai rufin soro, da ƴar taga guda mai duban lungu. Kwana biyu bayan haka Maccido na dawowa daga fadama ta lungun nan ya tarar da matan maƙwabta sun turo kwanuka ta tagar, Zuwaira na sa musu ƙanƙara, suna ce mata ta yi dacen miji. Kafin azahar ya kwaɓa laka da hannunsa ya toshe tagar, ya ce matar aure ba ta zance ta taga. Ya kewaye firjin da sarƙa ya sa kwaɗo, mabuɗin ya koma aljihunsa. Daga ranar ko ita mai kwana da shi sai an ba ta.

Yanzu shi ke shiga da la'asar ya fito da ƙanƙara a babbar tasa ya raba a zaure. Mutane ba sa ganin akwatin, hannun da ya miƙo musu suke gani. Ba a yi mako ba aka fara cewa a je gidan Maccido a samo ƙanƙara. Ranar da ya fara jin haka daga bakin wani mai wucewa, sai da ya rage tafiya don ya ji ko za a sake faɗa. Masu zuwa suka ƙaru, ƙanƙara ba ta isa. Ya yi tunanin wuta in ta ƙaru aiki zai ƙaru, ya murɗa lagwanin sama. Wutar ta tashi ja, ta yi harshe. Ya gani, ya tuna abin da aka ce, ya ce a ransa ai yaron nan ba shi ya halicci wuta ba. Burushin kuwa yana rataye a zaure inda mai shi ya bar shi, Juma'a biyu ba wanda ya taɓa.

Lokacin nan kowa a tsakar gida yake shimfiɗa tabarma saboda zafi. Zuwaira ma haka ta yi sau ɗaya, aka yi rashin sa'a wutar ta mutu, da safe aka tarar ƙanƙara ta koma ruwa. Ran nan ɗan aiken gidan Alhaji ya koma hannu banza. Maccido ya tsaya tsakar gida ya yi faɗan da har maƙwabta suka ji, ya ce ƴar wannan hidima ta kayan mijinta ta fi ƙarfinta, ya ce in abin ya kama da wuta wa zai gani. Daga ranar aka yanke cewa a ɗaki za ta riƙa kwana, a kuma sakaya ƙofa don kada iska ta kaɗa wutar.

Ciwon kai ya fara mata. Da farko da safe ne, in ta fito ta zauna gindin darbejiya sai ya lafa. Daga baya ya daina lafawa. Ta kan tashi kamar an ɗaure mata goshi da tsirkiya, ta yi amai ba komai a cikinta, in ta miƙe ƙasa ta juya mata. Ita da ke riga kowa tashi ta hura wutar sahur, sai Fatsuma ta buga ƙofa sau biyu sau uku kafin ta amsa. Kakinta ya koma baƙi. Tasoshin da take gogewa da toka duk safiya suka dushe, bangon da ke bayan firjin ya yi baƙi har rufi. Ta ajiye azumi a kwana na goma sha biyu, ta yi ta kuka don kunya.

Fatsuma ce ta fara yi masa magana, tana zuba masa kunu. Ta ce yarinyar nan ba ta da lafiya, kuma ita ma in ta shiga ɗakin ta ɗan jima sai ta fito da jiri. Ya ce laulayin ciki ne, ita da ta haifi huɗu bai kamata a gaya mata ba. Ta ce ta haifi huɗu amma ba ta taɓa tofar da baƙin kaki ba. Ta ce a fitar da abin ƙarƙashin rumfa mana. Ya ce awaki da kaji su ɓata shi, mai shi ya zo ya ce an wulaƙanta masa kaya? Fatsuma ta dube shi, irin kallon matar da ta san mijinta shekara goma sha biyar, ta ce an bar jaki ana dukan taiki. Ya ture kwanon ya fita, kwana biyu bai yi mata magana ba.

Inna kuwa ta ce ko iska ce ta shafi yarinyar, masu ciki ba su da wuyar kamuwa. Maccido ya karɓi wannan magana hannu biyu. Ya je wurin malami ya karɓo rubutu da turare, ya kawo da kansa, ya tsaya aka ba ta ta sha, ya sa aka turara ɗakin aka rufe. Duk wanda ya tambayi jikin matar ƙanensa sai ya ce ana ta magani, shi bai zauna ba.

Wata rana da ya shiga ɗaukar ƙanƙara ta roƙe shi abu guda. Ta ji an ce Yusha'u na Goronyo yana kafa wani firji, tafiyar yini ce kawai, ko za a aika masa. Maccido ya ce ba a janye mutum daga aikin Turawa saboda ciwon kai, in aka kore shi ita za ta ciyar da shi? Shi kuwa abin da ya gani a ransa daban ne. Ya ga Yusha'u ya sauko daga lori da agogonsa, ya shiga ya duba wuta ya kaɗa kai, ya sa an mayar da akwatin zaure gaban jama'a, sunan ya koma inda ya fito.

A kwana na ashirin Inna ta ɗauki sanda ta je ɗakin shan magani da kanta neman ƙwayar ciwon kai. Mai ba da magani a wurin, Malam Atiku, yana da irin wannan firji na allura. Ya yi mata tambaya uku, ya rufe ɗakin ya hau kekensa. Ya tarar da Maccido a zaure da mutum biyu. Bayan gaisuwa ya ce abin da ke damun yarinyar ba iska ba ce, ba laulayi ba ne, hayaƙin kananzir ne, kuma yana kashe mutum yana barci. Ya nemi izinin shiga ya duba wutar, ya ce ba zai ɗauki lokaci ba, Yusha'u ya koya masa yadda ake yi.

Da bai ambaci sunan ba, wataƙila da an bar shi. Maccido ya katse shi.

"Gidan matan aure na, Malam. Ba a shiga."

"To ku hito da shi yau. In ba ku iyawa, ku kashe wutar. Rai biyu na cikin ɗakinga."

"Mun ji. Allah shi saka."

Malam Atiku ya ajiye ƙwayoyin a kan tabarma ya tafi. Mutanen biyu suka sunkuyar da kai, don kowannensu da kwanonsa ya zo.

Maganar ta tsaya wa Maccido. Da la'asar da ya shiga bai wuce wurin firjin kai tsaye ba, ya tsaya ya duba. Zafin ɗakin ya buge shi kamar bakin tanda. Zuwaira na kwance ta ba bango baya, cikinta ya fito gaba, hannayenta sun zama kamar kara, leɓɓanta sun yi wani ja da ba na lafiya ba. Ta yi yunƙurin tashi ta gaishe shi ta kasa. Ya tuna ranar da aka kawo ta, yadda ta durƙusa har ƙasa ta kira shi Yaya. Kansa shi ma ya fara sarawa. Ya fito da niyyar gobe da safe ya kira ƙarti.

A zaure ya tarar da saƙo: Alhaji Mainasara na gayyatarsa buɗa baki. Bai taɓa wuce ƙofar gidan ba sai ran nan. Aka zaunar da shi kan darduma kusa da mai gida, Alhaji ya nuna shi ga baƙinsa na Sakkwato ya ce ga Maccido mai ƙanƙara, wanda ya sanyaya wa Wurno azumin bana. Ya ce da sallah zai yi manyan baƙi, yana son tasa biyu. Maccido ya ce an gama. A hanyar gida ya lissafa, kwana tara ne ko goma suka rage. Mai haƙurin kwana goma sha biyar ai zai yi na goma. Bayan sallah sai a fitar da shi, kuma ga ƙwayoyin Malam Atiku ta samu. Washegari ya ƙara wa lagwanin tsawo.

Ranar ashirin da shida ga wata, har rana ta take, Zuwaira ba ta fito ba. Fatsuma ta buga ƙofa ta kira, ta sake bugawa, sannan ta sa kafaɗa. Ta same ta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, hannu ɗaya miƙe wajen sakata. Ita da Inna suka ja ta zuwa gindin darbejiya suna yayyafa mata ruwa suna salati. Fatsuma ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa zane ta fita da gudu sai ɗakin shan magani. Wannan karon Malam Atiku bai tsaya sallama a zaure ba. Da aka kira Maccido daga fadama ya tarar an kashe wutar, an fasa lakar tagar da taɓarya, Zuwaira ta farfaɗo, amma naƙuda ta taso mata wata biyu kafin lokaci. Kafin la'asar ta haifi namiji ba rai. Maccido da kansa ya ɗauki gawar a hannu zuwa maƙabarta, mutane na yaba ƙoƙarinsa.

Malam Atiku ya ba direban lori takarda ya kai wa Yusha'u a Goronyo. Da hantsin washegari Yusha'u ya iso. Ya zauna wurin matarsa a ɗakin Inna ya jima, ba ta gane shi da farko ba. Daga nan ya shiga ɗakin Zuwaira. Maccido na tsakar gida yana jin motsin ƙarfe. Da ya fito hannayensa baƙi ƙirin har gwiwa, a ɗaya yana riƙe da sarƙar, a ɗaya lagwanin da ya ƙone.

"Yaya, ka ji sadda nac ce kada a sa shi ɗakin kwana?"

"Ban ji ba. Na tahi ban-ruwa, kowa shaida na."

"Tagar hwa? Wa yat toshe ta?"

"Mutuncin matarka nit tsare. Kai kak kawo abinka, kat tahi kab bar muna. Mu manoma mi munka sani ga kayan Nasara?"

Yusha'u ya dube shi. Ya ce zai kai magana gaban alƙali. Nan Inna ta faɗi ta riƙe ƙafafunsa tana kuka, ta ce in ya kai ɗan'uwansa ƙara bai bar ta da fuskar shiga mutane ba, ta ce abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Da yamma dattawan dangi suka zauna a zaure. Suka ce ƙaddara ta riga fata. Suka ce Maccido ya yi iya yinsa, ya nemo rubutu, ya nemo turare, ya yi jana'iza. Suka ce babba juji ne, amma ƙarami ma ya san girman na gaba, a rufa asiri. Fatsuma ba a tambaye ta ba. Malam Atiku ba dangi ba ne. Zuwaira na kwance, ba wanda ya ga dalilin tayar da mara lafiya.

Kafin sallah magana ta zaga gari, amma da wata fuskar. Aka ce akwatin da Yusha'u ya kawo ya shanye jinin ɗansa. Aka ce dama abin da ke haifar da sanyi daga wuta ba na Allah da Annabi ba ne. Waɗanda suka yi layi da ƙorai su ne kan gaba wajen cewa boko ta ɗauke wa yaron hankali, ya bar mace da ciki ya bi Turawa. A filin idi wani dattijo ya riƙe hannun Maccido ya ce shi ya lura tun ranar farko Maccido bai yarda da abin ba, ko kusa da shi ya ƙi zuwa, babba babba ne. Maccido ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. Yana jin maganar tana sauka a ƙirjinsa da daɗi, kuma ya san da daɗin, bai kuwa kore shi ba. Yusha'u ya yi sallarsa a sahun baya ya fita ba wanda ya tsayar da shi. Kwana biyu bayan haka ya sa aka kai firjin ɗakin shan magani ya bar wa Malam Atiku.

Zuwaira ta tashi, amma ba yadda take da ba. Hannunta na dama na karkarwa, ba ta iya riƙe ludayi. Ta kan fara magana ta manta ƙarshenta. Wani lokaci ta shafa cikinta ta tambayi Fatsuma ina yaron, a gaya mata, ta yi kuka kamar yanzu ta ji. Mahaifinta ya zo daga Taloka da jakuna biyu. Bai yi faɗa ba, ya ce zai tafi da ita ta sha iska, in ta warware a yi magana. Yusha'u ya ce zai raka su, kuma kowa ya ga ya ɗaure akwatinsa duka, har da buzun sallarsa.

Maccido na zaune a zaure lokacin da za su fita. Ya shirya abin da zai ce, na Allah ya ƙara sauƙi da a gaida mutanen gida. Fatsuma ta riƙo Zuwaira suka zo wucewa. Sai ta tsaya, ta zame daga hannun Fatsuma ta durƙusa yadda ta saba. Ya zaci sallama za ta yi. Ta ɗago ido ta dube shi, karo na farko tun da aka kawo ta gidan, kuma ran nan maganarta ba ta yanke ba.

"Yaya, na sani ba ni kaka jin haushi ba. Da ka hwaɗa min, da na roƙe shi ya ɗauke abinai tun ran hwarko, a bar maka zaurenka. To ni mi niy yi maka? Shi wanda munka rasa, mi yay yi maka?"

A baya Maccido ya ba Inna amsa, ya ba Fatsuma, ya ba Malam Atiku, ya ba ƙanensa, ya ba dattawa, kowa da irin tasa. Ya buɗe baki ya laluba, bai sami ta wannan ba. Ta jira kaɗan. Da ta ga ba abin da ke zuwa ta dafa ƙasa ta miƙe, aka ɗora ta kan jaki.

Ba a kai kowa gaban alƙali ba, ba a rubuta komai a ko'ina ba. Ƙarfe aka ɗora wa laifi, don ƙarfe ba shi da dangin da za su ji kunya. Maccido ya ci gaba da zama mai gida, ana kiransa sulhu in ƴan'uwa sun saɓa, yana yi musu wa'azin zumunci. Firjin ya yi shekaru a ɗakin shan magani kusa da buɗaɗɗiyar taga, yana tsare allurar yaran Wurno, bai sa ko mutum ɗaya ciwon kai ba. Zuwaira kuwa tana Taloka, ƙanwarta ke ba ta abinci a baki.